Waiwaye: Direban 'Yar Na'urar Wi-Fi ta USB da Doguwar Wahalar Masu Linux

Duk wanda ya taɓa sayen 'yar na'urar nan ta Wi-Fi mai kama da filash, ya soka ta a kwamfuta mai Linux (tsarin gudanar da kwamfuta, kishiyar Windows), ya ga ko fitilarta ba ta kama ba, ya san ɓacin ran da ke ciki. Babu direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da na'urar, kuma sai da intanet ake sauko da shi, alhali don intanet ɗin aka sayo ta. Dole mutum ya jona wayarsa da kebul ya ari intanet ɗin wayar kafin ya fita kunya. Matsalar ba ta yau ba ce, ta haura shekara 20.

A 1997 aka fitar da 802.11, ƙa'idar da Wi-Fi ke aiki da ita, sunan Wi-Fi ya biyo baya a 1999, USB 2.0 kuma a 2000. Tun daga nan kamfanoni suka saba da sako faifan CD a kwali ɗauke da direban Windows, sauran masu kwamfuta kuwa ko oho. Da a nan suka tsaya da sauƙi. Abin da ya fi ciwo shi ne sun ƙi bayyana yadda cip ɗin da ke cikin na'urar yake aiki, balle wani ya rubuta masa direba. Wasunsu sun fake da dokokin hukumomi irin su FCC ta Amurka, wai kada mutane su ƙara ƙarfin sigina ko su shiga zangon da aka hana.

Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. A 2003 aka ƙirƙiro NDISwrapper, manhajar da ke ɗaukar direban Windows ta shimfiɗa masa yanayi irin na gidansu a cikin Linux. Sai ka tono fayil biyu daga faifan, mai .inf da mai .sys, ka miƙa mata. Ta ceci mutane da yawa, amma in direban ya kifar da kwamfutar ba mai iya gyarawa, tunda ba wanda ke ganin abin da aka rubuta a cikinsa.

Labarin Atheros, kamfanin ƙera cip ɗin Wi-Fi, shi ne ya fi burge ni. Direbansu na MadWifi rabinsa a buɗe yake, kowa na iya karanta shi ya gyara, rabi a kulle. Reyk Floeter na OpenBSD, wani tsarin gudanar da kwamfuta daban, ya zauna ya bi diddigin ɓangaren da aka kulle har ya rubuta madadinsa, kuma daga wannan aiki direban Linux na ath5k ya samo asali. A 2007 Linux 2.6.22 ta zo da mac80211, tushe guda da direbobi za su hau maimakon kowa ya gina nasa. Shekara ɗaya bayan haka Atheros da kansa ya saki direban ath9k a buɗe, a 2013 kuma aka buɗe har 'yar manhajar da ake ɗura wa cip ɗin AR9271. Shi ya sa TL-WN722N na kamfanin TP-Link, mai ɗauke da wannan cip, ya yi suna: ka soka, ya kama.

To a nan ne masu saye suka sha mamaki. Fitowa ta biyu da ta uku ta wannan na'ura sunansu ɗaya da ta farko, kamanninsu ɗaya, amma an musanya cip ɗin da RTL8188EUS na kamfanin Realtek. Sunan da ke kan kwali ba shi direba yake dubawa ba, abin da ke ciki yake nema. Realtek kuwa ya daɗe yana ba da direbobin da ba su cikin Linux ɗin kanta, sai mutum ya sauko da su ya harhaɗa da hannunsa, kuma da an sabunta tsarin su iya daina aiki. Manhajar DKMS, wadda Dell ya samar, takan sake harhaɗa su da kanta, in an yi dace. Shekara da shekaru masu aikin sa kai ne suka riƙe wannan kaya, musamman Larry Finger, wanda ya rasu a 2024. Mutane da yawa sun hau intanet da guminsa ba su ma taɓa jin sunansa ba.

An samu sauƙi sannu a hankali. MT7601U, cip ɗin da ke cikin da yawa daga ƙananan na'urorin nan masu araha marasa suna, ya samu direba a Linux 4.2 a 2015. A 2023 direban rtw88 ya fara karɓar wasu na'urorin USB na Realtek, Debian 12 kuma, ɗaya daga nau'ukan Linux, ta sako manhajojin cip da ba buɗaɗɗu ba a cikin faifan girkawa, bayan masu aikinta sun kaɗa ƙuri'a a kan haka.

Har yanzu akwai na'urorin da in ka soka suke fitowa a matsayin faifan CD mai direban Windows, sai manhajar usb_modeswitch ta juyar da su kafin su zama Wi-Fi. Don haka masu gyara ba sa farawa da karanta kwali. Umarnin lsusb suke bugawa su duba lambar shaidar na'urar: 0bda na Realtek ne, 0cf3 na Atheros, 148f kuma na Ralink, wanda MediaTek ya saya a 2011.