Kwikwiyon da yara suka tsinto, da lambun tsakar gida, da ɗan baƙuwa

Wata Talata da hantsi wata baiwar Allah ta shigo ɗakin shan maganin da nake aiki, tana riƙe da hannun ɗanta mai shekara shida. Tari ne ya kawo su. Ina cikin duba yaron sai idona ya kai kan wani ɗan miki a ƙwaurinsa, ya fara bushewa, ga sawun haƙori biyu a fili. Na ce, "Hajiya, wannan fa?" Ta ce, "Ai ba komai ba ne, Malam. Kwikwiyon gidan yayata ne ya ɗan kama shi da wasa, ranar da muka je suna." Na tambayi yaushe. Ta ƙirga, kwana tara ke nan. Na ce masu gidan sun sani? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haba Malam. Mutane sun karɓe mu hannu bibbiyu, har kaza aka yanka mana, sai in buɗe baki in ce karensu ya ciji ɗana?"

A ranar na tura su babban asibiti aka fara wa yaron allurar rigakafin ciwon haukan kare, kuma Allah Ya kiyaye, yana nan lafiya. Amma maganar matar nan ta tsaya min a rai, domin ba ita kaɗai ba ce. Kunya ce ta hana ta magana, kuma da ta yi maganar, mai yiwuwa kunyar ce za ta sa masu gidan su ce karen lafiyarsa ƙalau, alhali ko sau ɗaya ba a taɓa yi masa allura ba. Da na bi sawu na isa gidan, na tarar da abin da nake yawan tararwa yanzu. Yara ne suka tsinto kwikwiyon a bola, duk haƙarƙarinsa a waje. Uwar gida ta ji tausayinsa ta zuba masa ragowar tuwo. Maigida ya ga cewa in ya girma zai kore awakin maƙwabta da ke shigowa suna cinye alayyafo. Shi ke nan, kare ya zama ɗan gida.

Ba na ganin laifin kowa a cikin wannan. Tsadar kayan miya ta sa gidaje da yawa sun waiwayi bayan ɗaki, ana shuka zogale da rama da yakuwa da kuɓewa, wanda ba shi da fili ya cika buhu da ƙasa da taki ya jera tumatir da attarugu a gindin katanga. Alayyafo cikin sati uku zuwa huɗu ka fara tsinka. Wannan abu ne da muke ta roƙon mutane su yi, domin yaron da ke samun ganye a miya kullum ya fi ƙarfin wasu cututtukan rashin abinci mai gina jiki. Tausayin dabba ma abin yabo ne. Tun muna makarantar allo muke jin hadisin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma malamai sun karantar da mu cewa an yarda a riƙe kare domin farauta ko kiwo ko gadin shuka. Abin da nake so mu gane kawai, ranar da ka bar kare ya kwana a gidanka, lafiyarsa ta shiga wuyanka, haka lafiyar duk wanda zai yi sallama a ƙofarka.

Ciwon haukan kare shi ne babban abin tsoro, kuma ina so in daɗe a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na waɗanda ke kamuwa, daga kare suke samu, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin a bayyane yake: su ne masu wasa da kwikwiyo, su ne gajeru da kare ke kaiwa ga fuskarsu da wuyansu, su ne kuma masu ɓoye cizo don kada a doke su. Ƙwayar cutar tana cikin yawun kare. Ba sai ya yi cizo mai zurfi ba, ko yakushi ne, ko ya lashi wurin da fata ta fashe, ta samu hanya. Daga nan sai ta bi jijiya sannu a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin alama ta fito, wani lokaci sati ɗaya, wani lokaci har shekara. Wannan jinkirin shi ke yaudarar mutane. Miki ya warke, an manta, sai wata rana yaro ya tashi da zazzaɓi, ya fara firgita, a miƙa masa ruwa maƙogwaro ya shaƙe ya kasa haɗiya. Idan aka kai nan, kusan babu wanda ke tashi. Babu asibitin da ke da maganinsa a wannan mataki, ko a Kano ko a Landan. Amma kafin alama ta fito, allura tana tare shi. Tun 1885 aka san haka, shekarar da masanin kimiyya Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara allurar a Faransa ya rayu. Ranar rasuwar Pasteur ɗin, 28 ga Satumba, ita ce aka mayar ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, kuma a wurare da dama akan yi wa karnuka rigakafi a lokacin.

Saboda haka duk karen da aka tsinto, ko za ka riƙe shi ne har abada, ko riƙo ne na ɗan lokaci kafin ka miƙa wa wani mafarauci ko makiyayi, kada ya fara da tsakar gida. A ware masa wuri mai inuwa da ruwan sha, nesa da yara da kaji, a kira malamin dabbobi ya duba shi. Allurar haukan kare ana fara ta daga wata uku da haihuwa, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma a karɓi kati mai kwanan wata a adana. A Najeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana cikin masu sarrafa wannan allura, don haka ba wani abu ne da sai an yi oda daga waje ba. Sai dai a sani, allura tana buƙatar kusan wata guda kafin ta kama jikin kare sosai, kuma ba ta warkar da wanda ya riga ya ɗauko cutar a yawonsa na bola. Karen da ba a san tarihinsa ba sai an sa masa ido na watanni.

Mutane sun san mahaukacin kare mai cizon duk abin da ya gani, mai dalalar da yawu, wanda muryarsa ta canza. Wanda ba a sani ba shi ne mai shiru. Zai laɓe a lungu, haɓarsa ta saki, bakinsa a buɗe kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Sai mai tausayi ya zura hannu zai ciro ƙashin. Don Allah kada a yi. A rufe shi inda yake, a kira malamin dabbobi.

Idan kuwa cizo ya auku, ga abin yi tun kafin a nemi abin hawa. A kai wurin ƙarƙashin ruwa mai gudu, famfo ko buta ana tsiyayawa, a wanke da sabulu har tsawon minti 15. A duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo, kuma yaro zai yi kuka. Sabulun wanki ma ya isa. Kada a zuba barkono ko toka ko man birki, kada a ɗaure da tsumma, kada a ƙona gashin karen a shafa. A wuce asibiti a ranar. Allurar ba guda ɗaya ba ce: akwai ta ranar farko, ta rana ta 3, ta rana ta 7, wani tsarin kuma da ƙari bayan sati biyu zuwa huɗu. Mikin da ya yi zurfi, ko na fuska da wuya da yatsu, yana buƙatar wata allura ta daban da ake yi a kewayen mikin, kuma za a duba batun allurar tetanus. Na san tana da tsada, kuma na sha ganin wanda ya karɓi ta farko ya ɓace. Wanda ya yi haka bai tsira ba tukuna. Shi kuma karen, kada a kashe shi a jefar saboda fushi. A killace shi kwana 10 ana ba shi abinci, idan ya cika su garau, likita zai faɗi abin da za a yi da sauran allurai. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara.

Lambu yana da nasa batun, kuma shi ba ya zuwa da ihu. Kwikwiyo kusan duk da tsutsar ciki ake haihuwarsa. Ƙwanta yana fita a kashi, ya yi sati biyu zuwa huɗu a ƙasa ya nuna, sannan ya daɗe a raye cikin danshin da muke yi wa shuka ban ruwa. Yaro mai rarrafe ya damƙi ƙasa ya kai baki, ko a tsinko latas a yanka ba a wanke sosai ba. Akwai kuma wadda ta fi damuna lokacin Babbar Sallah. Idan an feɗe rago aka ga hanta ko huhu da wasu ƙululai masu ruwa a ciki, abin da aka saba shi ne a yanke a jefa wa kare. To nan ne tsutsar ke samun gida a hanjinsa, ƙwanta ya fita a kashi ya hau ganye, mutum ya ci, bayan shekaru irin wannan jakar ruwa ta tsiro masa a hanta ko huhu, wani lokaci sai an yi tiyata. Irin wannan kayan ciki a ƙone shi ko a binne da zurfi. Abin da za a ba kare na nama a dafa shi. A ba shi maganin tsutsa duk bayan wata uku, kwikwiyo kuma ya fi haka yawa, malamin dabbobi zai auna gwargwadon nauyinsa. A kwashe kashinsa kullum a zuba a masai, kada ya shiga ramin taki. Kashin shanu da awaki da kaji, in ya ruɓe, taki ne, na kare ba taki ba ne. Kare zai iya gadin lambu daga wajen danga, ba sai ya kwanta cikin kuɓewa ba. Dangar ma kariya ce gare shi, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, balle maganin ƙwari da na ɓera da ake ajiyewa a gindin shuka.

Ganyen da za a dafa, wuta ta gama da shi. Wanda za a ci ɗanye, latas da kabeji da karas da tumatir ɗin da ake yankawa kan kwaɗo, a ware shi ganye-ganye a wanke da ruwa mai tsabta ana zubarwa. Jiƙawa a ruwan gishiri ba ta kashe ƙwan tsutsa.

Bari in koma kan baƙi, inda na faro. Mu mutane ne masu cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ranar suna ko biki gida yakan cika da yaran da kare bai san ƙamshinsu ba. Karen da ya sha duka da jifa a titi yana da tsoro a jikinsa, kuma tsoro ne ke sa mafi yawan cizo. Kafin baƙi su iso a kai shi wurinsa a rufe, da ruwa da abinci. A gaya wa yara kada su taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kada su kusanci karya mai shayarwa, kuma in ya nufo su su tsaya cik maimakon gudu. Kwanonsa daban, ba ya haɗuwa da na mutane, ba ya kusantar randa.

Sannan ke uwar gida, kai maigida, nauyin magana a kanku yake, domin baƙo ba zai iya ba. Lokacin sallama ku tambaya da bakinku: "Yaya, ko karen nan ya taɓa wani cikin yaran? Ko yakushi ne ki faɗa min." In an ce eh, ku ɗauko sabulu da buta, ku ɗauko katin allura ku nuna. In babu kati ku faɗi gaskiya cewa babu, ku raka su asibiti. Ke kuma baƙuwa, faɗar cizo ba cin fuska ba ne, domin yaran gidan ma suna wasa da wannan karen kullum.

Na sake komawa gidan can bayan wata biyu. An kewaye lambun da kara, an yi wa karen allura, an gyara masa wuri a bayan ɗakin ajiya. Uwar gidan ta ce tana tsoron kada katin ya ɓata cikin kayan ɗaki, sai muka ɗauki gawayi muka rubuta watan allura ta gaba a bangon zaure, daidai inda maigida ke jingine babur ɗinsa.