Aiki da Iyali a Wurin Ma'aikatan Banki a Yamai

Daidaita aiki da rayuwar gida shi ne yadda ma'aikaci ke raba lokacinsa tsakanin wurin aiki da haƙƙin iyali, ibada da zumunci. A Yamai, inda manyan ofisoshin bankunan Nijar suke, batun ya shafi dubban gidaje, domin albashin ma'aikacin banki ba shi kaɗai yake cin sa ba.

Tarihi

Bankin raya ƙasa na BDRN, wanda aka kafa a farkon shekarun 1960, ya daɗe yana cikin wuraren da masu ilimin boko suka fi sha'awar aiki. Basussukan da ba a biya ba sun durƙusar da shi, aka rufe shi wajen 1990, sannan SONIBANK ta gaji wani sashe na harkokinsa. Tun daga nan tabbacin ɗorewar aiki ya shiga sahun abubuwan da ma'aikaci ke dubawa kafin ya ce ya gamsu. Karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994 ta rage ƙarfin albashi, kuma a cikin shekarun 1990 ne bankuna masu rassa a ƙasashe da dama, irin su Bank of Africa da Ecobank, suka shigo, gasar neman abokan hulɗa ta ƙaru. Takunkumin CEDEAO da UEMOA (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa) bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya jawo ƙarancin takardun kuɗi da dogayen layuka, har aka ƙayyade abin da mutum zai cira, kuma ma'aikatan banki masu biyan kuɗi a kanta ne suka sha fushin jama'a kafin a ɗage takunkumin a Fabrairun 2024.

Doka da aiki

Dokar ƙwadago ta 2012 ta tsayar da awa 40 a mako, ta kuma ba mace hutun haihuwa na mako 14. Sai dai rufe ƙofar banki ba shi ne tashi ba, domin mai biyan kuɗi ba ya tafiya gida sai lissafin yini ya daidaita, musamman a ƙarshen wata da gabanin salla. Wanda aka tura reshen Tawa ko Maraɗi yakan bar iyalinsa a Yamai.

Gamsuwa

Cikin abubuwan da ke gamsar da ma'aikata, ana ambaton albashi a kan kari da rance mai sauƙin ruwa. Ko sun biya wahalar aikin, ra'ayoyi sun bambanta.