Rufe Esin Motar Gida a Lokacin Hunturu

Motar gida mota ce ko tirela da aka ƙera da ɗakin kwana da kicin da banɗaki a cikinta, wadda iyali ke fita yawon shaƙatawa da ita, su kwana duk inda dare ya yi musu. A Amurka da Kanada RV ake ce mata. Galibin waɗanda ake ƙerawa a Amurka daga jihar Indiyana suke fitowa, musamman yankin Elkhart, cibiyar kamfanoni irin su Thor da Forest River. Yawancinsu na ɗauke da na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, a kan rufi. A jihohin arewa da Kanada, da zarar Oktoba ko Nuwamba ya kama sai masu motocin su jingine su sai wajen Afrilu, kuma cikin shirin ajiyar akwai abin da suka daɗe suna saɓani a kai: a sa wa esin riga, ko a bar shi haka nan.

Hunturun da ake nufi a nan ba namu ba ne na hazo da kaushi. Sanyi ne mai dusar ƙanƙara, wanda a wurare irin su Minesota da Manitoba yakan wuce digiri 30 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos.

Yadda na'urar take

Esin rufi dunƙule yake wuri guda, ba kamar na gida mai rabi a ciki rabi a waje ba. Ana ɗora shi a kan wata kafa mai kusurwa huɗu da aka yanke a rufin, inci 14 kowane gefe, kusan santimita 36. Tsakaninsa da rufin akwai wani soson roba mai kauri, sannan dogayen kusoshi huɗu su jawo shi daga cikin ɗaki su matse soson don kada ruwa ya sami hanya. Waɗanda aka fi gani na Dometic ne da Coleman-Mach, masu ƙarfin sanyayawa 13,500 ko 15,000 a ma'aunin BTU, kuma da wuta mai ƙarfin bolt 120 suke aiki.

In aka ɗaga murfinsa za a ga kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, da injin da ke juya fanka, da jerin bututun gas guda biyu masu siraran haƙarƙarin alminiyom kamar lagireton mota. Ɗaya yana sanyaya iskar ɗaki, ɗayan yana fitar da zafi waje. A ƙasa akwai faranti mai ƙananan ramuka, ta nan ruwan da esin ke tsatsowa daga iska yake zuba a kan rufi ya gangara. Murfin kuwa na roba ne mai tauri, da tagogin shan iska a jikinsa. Wannan murfi daban, rigar da ake gardama a kanta daban. Rigar ta leda ce mai kauri ko yadi mai hana ruwa, da lastik ko zare a bakinta, ana sa ta a kan murfin kamar hula. ADCO da Camco na cikin masu ɗinka ta.

Sanyi da kansa

Sanyi ba ya yi wa esin komai. An ƙera shi ne don ya zauna a waje, ya sha ruwan sama da rana da iskar babbar hanya. Gas ɗin da ke cikinsa, wanda a yawancin na shekarun baya R-410A ne, a kulle yake cikin bututu, kuma ba ya daskarewa a irin wannan sanyi. Abin da hunturu ke kashewa a motar gida shi ne bututun ruwa, domin ruwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya fasa duk abin da ya tsare shi. Shi ya sa ake tsiyaye tankuna a ɗura wani ruwa mai launin hoda da ke hana daskarewa. Esi ba shi da ruwan da ke kwana a cikinsa, sai in ramukan farantinsa sun toshe. Saboda haka wanda ya sa masa riga don kada ya ji sanyi, tausayi ne kawai ya yi wa ƙarfe.

Abin da rigar ke tarewa

Amfanin rigar na ainihi yana wajen shara. Motar da aka ajiye ƙarƙashin bishiya tana shan ganyen kaka da tsinkayen itacen fayin masu kama da allura, waɗanda ke kutsawa ta tagogin murfi su taru a gindin bututu. In dusar ƙanƙara ta narke a kansu sai su zama dagwalo, su toshe ramukan faranti. Daga nan ruwa ya kwanta, ya daskare da dare, ya narke da rana, haka dai har tsatsa ta kama, wani lokaci ma ruwan ya cika ya nemi hanya ta cikin ɗaki. Mai mota ba zai sani ba sai ranar da ya buɗe ƙofa ya ga tabo a silin.

Sai rana. Haskenta na cin robar murfi a hankali har ta koɗe ta yi gautsi, kuma murfin da ya kai wannan matsayi yakan tsage a wajen kusoshinsa, wani ma ya tashi a kan hanya. Wannan ya fi damun masu ajiye mota a fili a Arizona ko Teksas ko Filorida, inda ko da hunturu rana ba ta ragawa. A can rigar ta fi yin aiki fiye da a ƙasar ƙanƙara, abin da mutane da yawa ba sa zato.

Akwai kuma zanzaro, irin dai wanda muka sani yana gina ɗakinsa na laka a lungun soro. Yana son cikin murfin esi, kuma ɗan curin laka guda a kan fiffiken fanka ya isa ya sa ta rawa da ƙara. Da tsakiyar sanyi ba ya fitowa, amma da zarar gari ya fara ɗumi, shi da tsuntsaye masu neman wurin sheƙa sukan riga mai motar zuwa.

Ɓarnar da take jawowa

Masu ƙin rigar su ma suna da hujja. Leda ba ta numfashi. Da rana cikinta ya ɗauki ɗumi, da dare ya huce, sai raɓa ta kwanta a kan ƙarfe da wayoyi ba iskar da za ta busar da ita. Esin da aka bari a buɗe yana jiƙewa ya bushe, wanda aka naɗe tsam kuwa yana iya shafe wata biyar cikin laima. Ga tsatsa, ga fumfuna. Wuri mai duhu da iska ba ta kaɗawa kuma ɗaki ne ga ɓera da kurege, musamman in reshen bishiya ya taɓo rufin, su kuwa ba su da abin gwaguya kamar robar da ke jikin wayoyin wuta.

Wanda ya fi kowanne muni shi ne tamfol ɗin da aka yafa aka ɗaure da igiya. Rufin akasarin waɗannan motoci shimfiɗar roba ce siririya, irin da ake kira EPDM ko TPO. Tamfol na kaɗawa cikin iska, zobban ƙarfen bakinsa da igiyar suna gugar robar dare da rana har su ci ta. Garin ceton esi sai a jawo wa rufi yoyo, alhali sake shimfiɗa rufi ya fi sabon esi tsada nesa ba kusa ba.

Na ƙarshe mantuwa ce. Daga ƙasa ba kasafai ake hango saman motar ba. In aka kunna esi da riga a kansa, zafin da ya kamata ya fita ba shi da mafita, kwamfireso ya yi ta fama har na'urar kariyarsa ta yanke wuta, in an yi rashin sa'a ya ƙone. Da yake bututun gas ɗin a rufe suke ruf daga masana'anta, ƙonewar kwamfireso yawanci sai sayen sabon esi. In kuma aka hau titi da rigar, iska ce za ta fizge ta ta watsa wa na baya.

Inda maganar ta tsaya

Wurin ajiya shi ke yanke hukunci. Motar da ke cikin gareji ko ƙarƙashin rumfa ba ta bukatar riga, haka ma wadda aka lulluɓe gaba ɗayanta da babban mayafin mota. Wadda ke fili fetal a ƙasar sanyi, ba bishiya kusa, da riga da babu duk ɗaya ne. Wadda ke gindin bishiya ko cikin rana mai ƙuna ita ce rigar ke yi wa amfani, da sharaɗin ta zama daidai jikin esin, ta kama shi ba ta lilo, kuma ƙasanta na barin iska ta ɗan zagaya.

Kafin a sa ta akan cire murfi a share ganye, a zura siririyar waya a buɗe ramukan faranti, a wanke matacin ƙura na cikin ɗaki, a bar komai ya bushe sarai. A daidai wannan lokaci ne masu lura kan duba kusoshin nan huɗu, domin girgizar hanya na sassauta su, kuma yoyon da ake ɗora wa esi sau da yawa daga nan yake. Ana ɗaure su ne har soson ya matsu zuwa kusan rabin kaurinsa, in aka zarce sai ya mutu ya daina tare ruwa. Hawa rufin kansa ana yin sa ne a busasshiyar rana tun sanyi bai kankama ba, don robar rufi in ta yi raɓa ko ƙanƙara santsinta ya fi na sabulu, tsayin motar kuma yakan haura mita 3.

Dabarar da aka saba yi wa mantuwa ita ce a kashe makatsin wutar esin, sannan a manna takarda a kan makunninsa, wata kuma a kan sitiyari ko maƙalar tirela, an rubuta cewa akwai riga a sama.