Cin abinci garau ba shaidar kare ya tsira daga distemfa ba ne

Da yawa suna ɗauka idan karensu ya cuɗanya da wani kare mai cutar distemfa (wata cuta mai yaɗuwa tsakanin karnuka), ya kwana biyu yana cin abinci garau, to ya tsira. Ba haka abin yake ba. Zazzaɓin farko kan zo ne tsakanin kwana 3 zuwa 6 bayan kamuwa, ya wuce ba a ankara ba. Daga baya kwantsa ta liƙe ido, majina ta yi kauri, tari da gudawa su biyo. Wani sai bayan makonni tsokar fuskarsa ta fara harbawa.

Kwikwiyon da bai kammala rigakafi ba ya fi shiga haɗari. Duk karen da ya cuɗanya da mai cutar, a keɓe shi, a ware masa kwanon ruwa, a tuntuɓi likitan dabbobi tun kafin alama ta fito.