Shin komai na Linux a buɗe yake?

An daɗe ana cewa duk abin da ke cikin Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya gyara. Galibi haka ne, amma da togiya.

Direban katin Wi-Fi, wato manhajar da Linux ke sarrafa katin da ita, yawanci buɗaɗɗe ne, ƙarƙashin lasisin GPL mai ba kowa damar gyarawa da rarrabawa. Sai dai katin kansa yana buƙatar ƙaramar manhaja, firmware, da ake loda masa duk sanda aka kunna kwamfuta. Sau da yawa ta kamfanin ce: lasisinta ya yarda a rarraba, ya hana a gyara. Wani lasisin ma ko rarrabawar bai yarda ba, wannan na cikin dalilan da suka sa Wi-Fi kan ƙi tashi bayan an girka sabon Linux a kwamfuta.

Don ka duba a kwamfutarka, rubuta umarnin dmesg a terminal (wurin rubuta umarni) ka nemi kalmar firmware, ka leƙa foldar /lib/firmware. Fayil ɗin WHENCE na linux-firmware, rumbun da aka tara firmware na Linux, ya jera lasisin kowacce.

Don Allah a tura wa masu amfani da Linux.