Kalmar Turanci "ascribe": ma'anarta da asalinta

"Ascribe" aikatau ne a Turanci da ke nufin jingina wani aiki, ko magana, ko hali ga wanda ake ganin shi ne mai shi, ko kuma danganta wani abu da sanadinsa. Sau da yawa ana amfani da ita ne inda babu cikakken tabbaci, kamar tsohon rubutun da ba a san marubucinsa ba amma masana suka jingina shi ga wani.

Asali

Tushenta Latin ne, "ascribere", daga "ad" mai nufin zuwa ga, da "scribere" mai nufin rubutawa. A wurin Rumawa ma'anarta ta farko ita ce ƙara wani abu a cikin rubutu, kamar ƙara suna a cikin rajista, wanda lamari ne na shari'a mai nauyi. A shekara ta 62 kafin Miladiyya, da Cicero, lauya kuma ɗan siyasar Rum, ya tsaya kare mawaƙi Archias, hujjarsa ita ce an riga an shigar da sunan mutumin cikin 'yan garin Heraclea na kudancin Italiya, kuma da wannan aikatau ya bayyana hakan. A ƙarshen zamanin daular Rum, manoman da aka rubuta sunayensu tare da gonar ubangidansu, har ba su da ikon barinta, ana kiransu "adscripticii". Tun a Latin ɗin ma'anar ta faɗaɗa: abin da aka rubuta a gaban sunan mutum, yabo ne ko laifi, ya zama nasa.

Kalmar ta shiga Turanci ta hanyar tsohon Faransanci, wajen ƙarni na 14, da siffar "ascrive". Kusan ƙarni na 16 aka mayar mata da harafin b don ta dace da Latin, kamar yadda aka yi wa 'yar'uwarta "describe". A fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 tana nan inda Sarki Saul ya fusata saboda mata sun jingina wa Dawuda kisan dubun-dubatar abokan gaba, shi kuwa dubbai kawai.

Amfani

A 1936 masanin halayyar al'umma Ralph Linton na Amurka ya yi amfani da ita wajen bambance matsayin da mutum ya gada da wanda ya samu da guminsa. Yau an fi ganinta a rubutun ilimi. Ma'anarta ta yi kusa da ta kalmar Turanci "attribute", wadda ita ma ke nufin dangantawa.