Waiwaye: ciwon sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Gulf, da yadda aka shekara 30 ana gardama a kansa

Waɗanda suka yi wayo a 1991 sun tuna yaƙin Gulf, lokacin da kowa ya manna kunne a rediyo yana jiran labarin Saddam, shugaban Iraƙi na lokacin, har wasu a nan arewa suka raɗa wa jariransu sunansa. Faɗan da aka gwabza ta ƙasa bai wuce awa 100 ba aka kori sojojin Iraƙi daga Kuwait, sojojin Amurka kusan 700,000 suka koma gida ana musu kiɗa da tafi. To amma ba a jima ba wasu suka fara zuwa asibiti da koke iri ɗaya: gajiyar da barci ba ya maganinta, ciwon gaɓoɓi, mantuwa, gudawa, ƙuraje a fata, ciwon kai kullum. A yi gwajin jini a ce lafiya lau, mutum kuwa ya san ba lafiya ba.

Kuma ba a kansu aka fara ba. Daga 1962 zuwa 1971 jiragen Amurka sun yi ta feshin maganin kashe ciyayi a dazukan Vietnam don 'yan sari-ka-noƙe su rasa maɓoya, wanda ya fi suna shi ne Agent Orange, yana ɗauke da gubar dioxin. Sojoji suka dawo suna fama da cutar kansa, gwamnati ta ce a kawo hujja. Kamfanonin da suka haɗa maganin sun biya dala miliyan 180 a 1984 don a bar shari'a, amma sai a 1991 majalisa ta yi dokar da ta sa masana su riƙa bitar bincike a kai a kai. Ciwon suga ya shiga jerin cututtukan da ake biyan diyya a 2001, cutar karkarwa ta Parkinson kuma sai 2010, wato kusan shekara 40 bayan an daina feshin. Su kuwa mutanen Vietnam da aka fesa wa a gonakinsu, wannan wani dogon labari ne daban.

Matsalar masu binciken Gulf ita ce abubuwan da ake zargi sun yi yawa. An bai wa sojoji ƙwayar pyridostigmine su riƙa sha don kariya daga iskar guba, an yi musu allurar rigakafin anthrax, sun yi ta fesa maganin ƙwari a tanti da kaki saboda ƙudan hamada, ga hayaƙin rijiyoyin mai sama da 600 da aka cinna wa wuta a Kuwait, ga harsasai masu sinadarin uranium. Wa ya sha ƙwaya nawa, wa ya kwana a ina ranar da iska ta kaɗa, ba a rubuta da kyau ba, wasu takardun ma sun ɓace. Ta yaya likita zai gano musabbabi a haka?

Shekara biyar ma'aikatar tsaro ta Pentagon tana cewa babu sojan da ya shaƙi makami mai guba. Sai a Yunin 1996 ta amsa cewa rumbun makaman Khamisiyah da sojojinta suka fasa a kudancin Iraƙi a Maris 1991 akwai rokoki masu gubar sarin a ciki, daga baya aka ƙiyasta hayaƙin ya iya kaiwa ga sojoji wajen 100,000. Duk da haka kwamitin da shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya kafa ya fi karkata ga cewa damuwar yaƙi ce. Wannan magana ta ƙona wa tsofaffin sojojin rai sosai, don a kunnensu kamar an ce musu ciwon a kansu yake kawai.

A Ingila ma an duba. Simon Wessely da tawagarsa a King's College ta Landan sun wallafa a 1999 cewa sojojin Birtaniya da suka je Gulf suna kokawa da rashin lafiya fiye da waɗanda aka tura Bosniya nesa ba kusa ba, sai dai ba su ga wata sabuwar cuta mai alamominta na daban ba. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi.

Wanda ya nace shi ne Dokta Robert Haley na Dallas a jihar Texas, da kuɗin attajiri Ross Perot ya fara, tun 1997 yake cewa sinadarai ne suka taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A 2008 kwamitin masana da majalisa ta kafa ya ce ciwon gaskiya ne, ya kama aƙalla soja ɗaya cikin huɗu, ya kuma ɗora laifin kan ƙwayar pyridostigmine ɗin nan da maganin ƙwari. A 2022 Haley ya fitar da binciken tsofaffin sojoji 1,016, rabi marasa lafiya rabi masu lafiya, ya duba wata ƙwayar halitta ta gado mai suna PON1 da ke taimaka wa jiki narkar da sarin. Waɗanda suka ji ƙarar na'urar gargaɗin guba a fagen daga, kuma suka gaji nau'in PON1 mai rauni, su ne ciwon ya fi kamawa. A ganina wannan ce hujja mafi ƙarfi zuwa yanzu, ko da yake ta dogara ne da abin da soja ya tuna bayan shekaru, shi ya sa wasu masana ba su sallama ba.

Kafin a gama da wannan kuma sai ga ciwon sojojin da suka je Iraƙi da Afghanistan bayan 2001, inda a sansanoni irin na Balad a Iraƙi ake tara roba da batir da sharar asibiti a rami a zuba man jirgi a ƙona, sojoji na shaƙa dare da rana. A nan majalisa ba ta jira shekara 40 ba. A Agustan 2022 shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, wanda ɗansa Beau ya yi aiki a Iraƙi ya kuma rasu da kansar ƙwaƙwalwa a 2015, ya sa hannu a dokar PACT: in ka yi aiki a wurin, ka kamu da ɗaya daga cikin cututtuka sama da 20 da aka lissafa, za a ɗauka aikin ne ya jawo ba sai ka kawo hujja ba. Ciwon Gulf ɗin kansa dai har yau babu maganin da ke warkar da shi, likitoci alamomin kawai suke lallaɓawa, sojojin kuma yanzu galibinsu sun haura shekara 50.